Ciwon Hanta a Kejin Zomo: Wanda Ke Kashe Dabba da Wanda Ke Ƙetarowa ga Mutum

 

Cututtuka biyu ne na ƙwayar bairos suka fi shahara wajen kama hantar zomo, kuma halinsu ya saɓa ta hanyar da ke ruɗa mai kiwo. Ta farko takan shigo keji da dare, kafin gari ya waye ta zubar da zomaye, wasu da jini a hanci. Wannan ba ta kama mutum. Ta biyu kuwa zomo zai ɗauke ta yana cin ganyensa, gashinsa yana sheƙi, idonsa garau, a yanka shi a feɗe ba a ga abin zargi ba, kuma ita ce ke iya ƙetarowa zuwa ga ɗan Adam. Maganar da nake son kafa wa hujja yau ita ce, a wannan batu ido ba ya iya zama alƙali. Haɗarin da ke tattare da cuta ta biyu ƙarami ne idan aka auna shi da yawan jama'a, amma yana da nauyi a kan wasu mutane da muka san su, kuma matakan da za su kare su ba su fi ƙarfin mai zomaye goma a bayan gida ba.

Ta farkon ita ce annobar zubar jini ta zomaye. An fara ganinta a lardin Jiangsu na ƙasar Sin a shekarar 1984, cikin 'yan shekaru ta isa Turai ta yi wa gonakin Italiya mummunar ɓarna. Tana rusa hantar dabbar cikin kwana ɗaya ko biyu, jini ya daskare a ƙananan jijiyoyi, sannan ya ɓalle a huhu da sauran kayan ciki, kuma a garken da ba a yi wa rigakafi ba takan kwashe kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari. A 2010 wani sabon iri nata ya ɓulla a Faransa, wanda bai bar ko 'ya'yan da ke shan nono ba, shi ne kuma ya iso Nijeriya a 2020 ya durƙusar da masu kiwo da dama, musamman a Kwara da Oyo. Ƙwayar tana da naci: takan yi watanni a keji da buhu da ƙasa, ana ɗaukarta a takalmi da tufafi, ƙuda ma yana yawo da ita. Akwai allurar rigakafinta. Duk da wannan ɓarna, cikin shekara arba'in da masu kiwo da mahauta da likitoci suka yi suna dama hannu a gawarwakin waɗannan zomaye, ba a tabbatar ta kama mutum ba. Asara ce ta dukiya, kuma babba ce, amma ba a nan gizo ke saƙa ba.

Cuta ta biyu ita ce ciwon hanta nau'in E, kuma a jikin mutum aka fara saninta tun kafin kowa ya tuna da zomo. A ƙarshen 1955 ruwan ƙazanta ya gauraya da ruwan shan birnin Delhi bayan ambaliyar kogin Yamuna, mutum wajen dubu 29 suka kamu da shawara. A 1978 wata annoba irinta ta faɗa wa Kashmir, inda likita Mohammad Sultan Khuroo ya lura cewa ba nau'in A ba ce ba kuma B ba, kuma tana yi wa mata masu juna biyu kisa fiye da kowa. Wanda ya fara ganin ƙwayar da idonsa shi ne Mikhail Balayan, masanin Tarayyar Sobiyet. Ya tace bayan gidan sojojin ƙasarsa da suka kamu da shawara a Afganistan, ya sha, bayan kamar mako biyar ya kwanta, sannan ya gano ƙwayar a nasa bayan gidan da madubin ƙara girma mai aiki da lantarki. Ya buga sakamakon a 1983. Daga nan aka ɗauke ta a matsayin cutar gurɓataccen ruwa, ta ƙasashe matalauta da sansanonin gudun hijira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 20 ne ke kamuwa da ita duk shekara, sama da miliyan 3 daga cikinsu suke nuna alama, kuma a 2015 ta kashe kimanin dubu 44.

Wannan fahimta ta fara sauyawa a 1997, lokacin da Xiang-Jin Meng da abokan aikinsa suka sami 'yar'uwar ƙwayar a aladun Amurka. A 2003 aka sami wasu mutane a Japan da suka kamu bayan cin ɗanyen naman barewa, aka gwada ragowar naman da ke cikin firiza, ƙwayar da ke ciki ta yi daidai da ta jikinsu. Yanzu an san cewa iri na 1 da na 2 na mutum ne kaɗai, ruwa ke yaɗa su, su ne masu annoba a Afirka da Asiya. Iri na 3 da na 4 kuwa dabbobi ne matattararsu, mutum yana samunsu ta abinci, ɗaya-ɗaya, ba tare da hayaniyar annoba ba.

Zomo ya shigo labarin a 2009. Masu bincike a Sin, ƙasar da ta fi kowace samar da naman zomo, sun gwada zomaye 335 a gonaki biyu na lardin Gansu. Fiye da rabinsu jininsu ya nuna sun taɓa kamuwa, kimanin kashi 7 cikin ɗari kuma suna ɗauke da ƙwayar a lokacin gwajin. A 2011 aka same ta a gonaki biyu na jihar Bajiniya ta Amurka. A 2012 Jacques Izopet da abokan aikinsa na birnin Tulus a Faransa suka same ta a kashi 7 cikin ɗari na zomayen kiwo da kashi 23 na zomayen daji, suka kuma lura cewa wata ƙwaya da aka taɓa samu a jikin mutum ta fi kusa da ta zomo fiye da ta alade. Ta zomon reshe ce ta iri na 3, ana yi mata laƙabi da 3ra, kuma tana da wani ɗan ƙarin gutsure a jerin halittarta da ke sa a shaida ta. Tun daga nan ƙasa bayan ƙasa, a Turai da Asiya da Ostireliya, aka duba aka same ta, kuma binciken da aka buga daga Burkina Faso a 2019 ya sami shaidar kamuwa a jinin zomayen gida da na daji.

Samun ƙwaya a jikin dabba bai isa hujjar cewa tana kama mutum ba, domin dabbobi cike suke da ƙwayoyin da ba ruwansu da mu. Saboda haka aka hau mataki na gaba. An ɗauki ƙwayar zomo aka sa wa aladu, wasu suka kamu. A 2013 masu bincike a Sin suka sa wa birai, waɗanda jikinsu ya fi kusa da namu, suka kamu da ciwon hanta sosai, ƙwayar ta bayyana a jininsu da kashinsu. Hujjar da ta fi ƙarfi ta zo a 2017 daga Florence Abravanel da abokan aikinta a Faransa: sun bi jerin halittar ƙwayar a jikin majinyata 919 da suka kamu da nau'in E a 2015 da 2016, suka tarar 5 daga cikinsu ta zomo ce. Bayan haka Siwizalan ma ta ba da rahoton wasu majinyata masu raunin garkuwar jiki da aka same ta a jikinsu. Ke nan tana cikin garke, tana iya tsallaka jinsi, kuma an kama ta a hantar mutum.

Wani zai ce, mutum 5 cikin 919, ai ko kashi ɗaya cikin ɗari bai kai ba, me ya kawo taro a kansa? Lissafin daidai ne, kuma duk wanda ya ce naman zomo annoba ne ya faɗi abin da hujja ba ta faɗa ba. Sai dai akwai abu biyu da adadin ya ɓoye. Na farko, su wane ne ke kamuwa har a gane. Lafiyayyen mutum idan iri na 3 ya shige shi, galibi ba zai ma sani ba, ko ya yi 'yan kwanaki da kasala da tashin zuciya da jan fitsari ya warke. Amma wanda aka yi wa dashen ƙoda ko hanta yana shan maganin danne garkuwa, da mai jinyar sankarar jini, da mai cutar ƙanjamau da ta ci ƙarfinsa, jikinsu ba ya iya korar ƙwayar. A 2008 likitocin Tulus suka nuna cewa a jikin irin waɗannan takan zauna daram, kuma daga baya aka ga kusan biyu cikin uku na masu dashen da suka kamu ciwon yakan zame musu na dindindin, hanta ta ƙanƙance cikin 'yan shekaru. Wanda kuma dama hantarsa ta raunana, ko da nau'in B ko da wani dalili, sabon ciwo a kan tsoho yana iya tsayar da ita gaba ɗaya. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin nau'in B ya yi katutu a ƙasashenmu, kuma masu dashen ƙoda suna ƙaruwa, waɗanda aka yi wa a Kano da Abuja da waɗanda suka dawo daga Indiya ko Masar. Ana jinyar ciwon da rage maganin danne garkuwa ko da maganin ribavirin na kimanin wata uku, amma sai an gano shi tukuna, kuma sau da yawa akan ɗora laifin a kan wani maganin da majinyaci ke sha.

Abu na biyu ya fi ba ni tunani. Babu ko ɗaya daga cikin mutanen nan biyar da ya yi mu'amala da zomo kai tsaye. Mai musu zai iya riƙe wannan ya ce, to ashe ba a tabbatar daga zomo suka samu ba. Gaskiya ne ba a kama hanyar da ta bi ba, amma ƙwayar ta zomo ce da shaidarta, kuma ba ta tsiro daga iska. Abin da masu binciken suka karkata gare shi shi ne abinci ko ruwa. Idan haka ne, iyakar haɗarin ba ta tsaya a ƙofar keji ba, ta kai ga wanda ya sayi nama, da wanda ya ci latas ɗin da aka shuka da takin zomo, da wanda ya sha daga rijiyar da ruwan wankin keji ya gangara cikinta.

Wani kuma zai ce, wannan cutar masu cin alade ce, yawancinmu ba ma ci. Babu shakka alade ne babbar matattarar iri na 3 da na 4, kuma a Faransa an danganta kamuwa da dama da wani tsiran hantar alade na tsibirin Kosika da ake ci ɗanye. Wanda ba ya cin alade ya rufe ƙofa mafi faɗi. Amma muhimmancin labarin zomo a wurinmu shi ne ya nuna akwai sauran ƙofofi, a jikin dabbobin da muke yankawa da bismillah mu ci da kwanciyar hankali. A 2016 aka ba da rahoton wani mai dashen hanta a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ciwon ya zame masa na dindindin, aka tarar ƙwayar raƙumi ce, iri na 7, kuma mutumin yana yawan cin naman raƙumi da shan nononsa. A 2018 aka sami ta ɓera a jikin wani mai dashen hanta a Hong Kong. Halaccin nama hukunci ne na addini, kuma yana nan daram. Ko naman ya dahu ko bai dahu ba, wannan aikin tukunya ne.

Ƙorafin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne na masu cewa, muna da gurɓataccen ruwa da ke kashe matanmu, don me za mu karkata hankali zuwa keji? Suna da gaskiya mai yawa. A 2017 nau'in E ya ɓarke a yankin Diffa na Nijar tsakanin waɗanda rikicin tafkin Chadi ya raba da gidajensu, akasarin waɗanda suka rasu mata ne masu juna biyu. A shekarar ya ɓulla a Ngala ta jihar Borno. Ya yi ɓarna a Am Timan ta Chadi, kamar yadda ya yi a sansanonin Darfur a 2004. A watannin ƙarshe na ciki, wannan ciwo yana iya kashe mace ɗaya cikin huɗu ko biyar da suka kwanta da shi. Wannan kisa aikin irin da ruwa ke yaɗawa ne, ba a san iri na 3 da shi ba, kuma ba zan ɗora wa zomo jinin da ba shi ya zubar ba. Idan kuɗi ɗaya ne a hannun hukuma, a haƙa rijiyar burtsatse, a sa kilorin a ruwan sansani, a gina bayi, a nemo rigakafin Hecolin da Sin ta amince da shi a 2011, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF da hukumomin Sudan ta Kudu suka yi amfani da shi a sansanin Bentiu a 2022. Abin da nake ja a kai shi ne zaton cewa ayyukan biyu suna takara. Hanyar ƙwayar ɗaya ce, daga kashi zuwa baki, ko na mutum ko na dabba. Kare kai daga ta zomo kuma ba kasafin gwamnati yake nema ba, hannun mai gida da matar gida yake nema.

Mu dubi yadda abin ke faruwa a zahiri. Kejin katako mai hawa biyu ko uku, an jingina shi da katangar bayan gida. Kashin na sama yana zubowa ta ragar waya cikin kwanon dusa da ruwan na ƙasa. Zomo kuma halittarsa ce ya sake cin wani laushin kashi da yake fitarwa, yawanci da dare, don ya ƙarasa tatsar amfanin abincinsa, saboda haka baki da kashi ba sa rabuwa a rayuwarsa. Ƙwayar tana hayayyafa a hanta, ta bi ruwan maɗaciya zuwa hanji, ta fita da kashi, kuma gwaji ya nuna wasu zomayen sukan yi watanni suna zubar da ita. Da safe yaro ne ke share ƙarƙashin kejin, sau da yawa da hannu da guntun kwali, ya zuba a buhu a kai lambu. Ranar yanka kuma, ana farke ciki a ciro hanta, a tsinke maɗaciya, wani lokaci ta fashe a yatsu. Wuƙar nan da farantin nan su ne za a ɗan ɗauraye a yanka albasa da tumatir da kabejin da za a ci ɗanye a gefen gashi. Hantar ma ita ake fara jefawa kan garwashi a juya sau biyu a miƙa wa yara, cikinta da sauran ja. A duk wannan jerin babu inda wani ya yi ganganci a idon jama'a, kuma babu inda zomon ya nuna alamar ciwo.

Gyaran ya biyo sawun hanyar. Wuta ce babban makami, amma sai ta ratsa: gwajin da aka yi a Faransa a 2012 ya nuna sai zafin cikin nama ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyos na minti 20 kafin a tabbata ƙwayar ta mutu, wani gwajin kuma ya nuna ɗumi na digiri 56 ko na awa guda ne ba ya gamawa da ita. Farfesu da miya da naman da aka tafasa kafin a soya sun wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba, kuma a nan al'adar girkinmu ta dafa nama ya yi luguf kariya ce da muka gada. Inda ake samun giɓi shi ne gashin sama-sama, musamman na hanta. Firiza ba ta kashe ƙwayar, naman barewar Japan shaida ne. Gishiri da hayaƙi da shanya ma ba abin dogaro ba ne. A ware wuƙa da katakon nama daga na ganye, a wanke hannu da sabulu bayan shara da fiɗa. A sa faranti ko kwano mai gangara tsakanin hawa da hawa na keji. A tara taki ya ruɓe sosai kafin a kai shi kan abin da ake ci ɗanye, kada kuma a ɗora keji inda ruwansa zai bi zuwa rijiya. Mai dashen gaɓa da mai ciwon hanta su bar wa wani fiɗa da sharar keji, mai juna biyu ma haka, domin ribavirin ba ya yiwuwa gare ta, yana cutar da ɗan tayi.

Na san abin da ke ran masu kiwo da ke zaune a nan: irin wannan magana tana iya fita waje ta koma jita-jita, a wayi gari kasuwa ta faɗi. Damuwar tana da tushe, kuma ina tare da su, domin zomo dabbar mai ƙaramin ƙarfi ce. Cikinta wata guda ne, tana haihuwa da yawa, tana rayuwa a kan ganye da dusa, tana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, tana sa nama a tukunyar gidan da rago ya fi ƙarfinsa. Amma ɓoye magana ba ya kare sana'a. Turawa sun san iri na 3 yana cikin garkunan aladunsu, ba su rufe gonaki ba. Sun faɗa wa masu rauni abin da za su guje wa, kuma bayan wani bincike a Ingila da aka buga a 2014 ya sami ƙwayar a leda ɗaya cikin kusan 2,850 na jinin da aka bayar, ƙasashe irin su Birtaniya da Ailan da Holan suka fara tantance jinin gudummawa. Mai kiwon da zai iya nuna wa mai saye tsaftataccen keji, ya kuma gaya masa yadda ake dafa hanta, shi ne zai tsaya da ƙafarsa ranar da jita-jita ta taso.

Saura aikin masana, kuma ba mai tsada ba ne. Muna da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa a Vom, da cibiyar binciken kiwo ta Shika, da tsangayoyin likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Hanyar da Faransawa suka bi a buɗe take ga kowa: a je inda ake yanka, a zuƙi ruwan maɗaciya da sirinji, a yanki ɗan gutsuren hanta, a nemi ƙwayar kanta, domin gwajin jini kaɗai tarihin kamuwa yake nunawa. Abin da aka samu a karanta jerin halittarsa. A ɓangaren asibiti kuma, majinyacin da ya zo da shawara aka gwada B da C ba a samu ba, da mai dashen ƙodar da awon hantarsa ya hau ba dalili, a nemi E a jikinsu, idan an same shi a tantance wane iri ne. Sai an ajiye sakamakon mayanka da na asibiti a teburi ɗaya, likitan dabbobi da likitan mutane suna duba su tare, za a iya gane ko ƙwayar da ke cikin maɗaciyar zomon Kano ko Maraɗi ita ce ke cikin jinin majinyacin da ke kwance a garin.